An tsare yaya a madadin ƙanensa: ina iyakar ikon hukuma?

Mai Awon Hatsi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu ilimi a kan wani lamari da ya hana unguwarmu barci. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da jami'an tsaro suka zo gidan maƙwabcina da asuba suna neman ƙanensa, wanda aka ce sunansa ya fito cikin masu kai wa ɓarayin daji labari. Ba su same shi ba, domin tun bayan girbi ya tafi ci-rani kudu, sai suka tafi da yayan, magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, suka ce ranar da ƙanen ya kawo kansa za a sake shi. Ba a ba iyalinsa takarda ba, ba a kai shi gaban alƙali ba, kuma sau biyu kawai aka bari muka gan shi da muka kai abinci. Yanzu wasu sun fara cewa idan dangi suka haɗa wani abu za a daidaita. Tambayata ita ce, shin doka ta yarda a kama wani saboda laifin da ake zargin wani da shi, kuma har kwana nawa hukuma take da ikon riƙe mutum ba tare da kotu ta sani ba?

Barista:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Amsar tambayarka ta farko ita ce doka ba ta yarda ba. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce kada a kama wani a madadin wanda ake zargi, kuma sashe na 7 na dokar tafiyar da shari'ar manyan laifuka ta tarayya ta 2015 ya faɗi haka tun kafin nan. Ko da waɗanda suka tafi da shi ba 'yan sanda ba ne, Kundin Tsarin Mulki na 1999 yana kan kowa, domin sashensa na farko ya ce ya hau kan duk hukumomi da duk mutane a faɗin ƙasar nan, kuma duk dokar da ta ci karo da shi ta rushe gwargwadon saɓanin.

Tambaya ta biyu tana cikin sashe na 35 na Kundin. Wanda aka kama yana da haƙƙin a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da haƙƙin ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40 daga inda aka kama shi, dole a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya, idan kuwa babu, kwana biyu ko wani lokaci da kotu za ta ga ya dace. Sashen ya ƙara da cewa wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Domin kada in ɓoye wani abu, akwai togaciya a ƙarshen sashen game da wanda ake da ƙwaƙƙwaran zargi a kansa na laifin da hukuncinsa kisa ne, amma wannan ba ta shafi maƙwabcinka ba, tunda su da kansu sun ce ba shi suke nema ba. Ina roƙonku kada ku haɗa ko kwabo. Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne, kuma wanda bai yi laifi ba ma ba beli ya kamata a yi maganarsa ba, saki ne.

Manomin Zurmi:
Barista, na karanta bayaninka da girmamawa, amma zan faɗi abin da ke raina. A dare ɗaya aka kashe mahaifina da ƙanena a bakin gonarmu, kuma waɗanda suka zo sun san sunan kowa, sun san gidan da aka sayar da shanu a makon, sun san ƙofar da ba ta da sakata. Baƙo daga daji ba ya sanin wannan sai da ɗan gari. An taɓa kama wanda duk ƙauyen ya san shi ne infoma, bayan makonni ya dawo yana yawo cikinmu, aka ce babu shaida, kuma babu shaida ne domin duk wanda ya je kotu ya buɗe baki ya san ba zai ƙara kwana gidansa ba. Yau shekara uku muna zaune a gidan haya a Gusau, gonarmu ta zama daji. Shin mahaifina ba shi da haƙƙin rayuwa a cikin wannan kundin? Wa ya ba shi awa 24? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan tsare yaya zai sa ƙanen ya fito, ni dai ban ga babban laifi a ciki ba.

Malamar Firamare:
Allah Ya jiƙan Baba da ɗan'uwanka, Ya ba ku haƙuri. Babu wanda ke cikin wannan zaure daga jihar nan da bai binne wani ba ko bai tara kuɗin fansa ba, don haka ba daga nesa muke magana ba. Amma Yaya, ina so ka dubi gidan da aka bari. Mata biyu da yara tara ba su san komai game da ƙanen mijin nan ba, kuma yau kwana goma sha ɗaya babu mai fita ya nemo musu abinci. Ina da yara a aji waɗanda iyayensu maza ba ɓarayi suka ɗauke ba, kamu ne irin wannan, kuma na ga yadda yaron ke daina zuwa makaranta, ya koma tura baro a kasuwa, ya girma yana ganin mai kaki a matsayin abokin gaba. Wannan yaron idan ya ji wani labari gobe, ba zai kai wa hukuma ba.

Malamin Zaure:
Ina yi wa ɗan'uwanmu na Zurmi ta'aziyya, kuma ina so in tunatar da mu cewa wannan mas'ala ba daga Turawa muka fara jin ta ba, domin akwai masu ɗaukar maganar haƙƙin wanda ake tuhuma kamar baƙon abu ne da aka shigo mana da shi. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa babu ran da zai ɗauki nauyin laifin wani rai. A cikin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da 'yan'uwan suka roƙa a riƙe ɗayansu a madadin wanda aka sami kayan a wurinsa, amsar da aka ba su ita ce neman tsarin Allah daga kama wani ban da wanda aka sami kayan a wurinsa, domin yin haka zalunci ne. A Suratul Hujurat an umarce mu da yin bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Ƙa'idar da kowane alƙalin Musulunci ya fara koya ita ce hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, kuma an umarci Sayyidina Aliyu, da aka aike shi Yaman, kada ya yanke hukunci sai ya saurari ɓangare na biyu kamar yadda ya saurari na farko.

Jiharmu ta Zamfara ita ce ta fara faɗaɗa shari'ar Musulunci zuwa manyan laifuka a shekarar 2000, kuma muna alfahari da haka. To, shari'ar da muka yi gangami dominta ba ta tsaya ga hukunci kawai ba, hanyar da ake bi a kai ga hukuncin ma shari'a ce. Wanda ya karɓi haddi ya ƙi sharuɗɗan shaida ya ɗauki rabi ya bar rabi.

Manomin Zurmi:
Malam, ban musa aya ba, Allah Ya tsare ni. Na yarda tsare yayan kuskure ne idan har ba shi da hannu. Amma shi wanda ake zargin fa, wanda kowa ya sani amma babu mai iya tsayawa gaban alƙali? A sake shi ke nan ya koma ya nuna gidan na gaba?

Tsohon Sufeto:
Na yi shekara 35 ina wannan aiki kafin in ajiye kaki, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Jami'in da ke kama yaya a madadin ƙane sau da yawa ba shi da motar da zai bi ƙanen, ba shi da man da zai zuba mata, kuma daga sama ana matsa masa ya nuna ya yi wani abu. Wannan bayani ne na dalili, ba wanke laifi ba ne. Abin da na gani da idona shi ne, kalmar nan ta "kowa ya sani" ita ce ta fi kowace kalma cutar da bincike. Na sha karɓar sunan mutum a matsayin infoma, in bi diddigi in tarar rigimar gona ce tsakaninsa da wanda ya kawo sunan, ko neman aure, ko bashi, ko siyasar mazaɓa. Wani lokacin ma infoman na gaskiya shi ne yake fara kawo sunan wani, domin idan an kama wancan hankalin gari ya kwanta, shi kuma ya ci gaba da aikinsa. Idan an daki mutum ya amsa laifi, an sami takarda amma ba a sami gaskiya ba, kuma lauya mai wayo zai rusa takardar a kotu, domin dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta amfani da irin wannan furuci. A nan ne ake sakin wanda wataƙila da gaske mai laifi ne, sai jama'a su zagi alƙali, alhali tun a ɗakin bincike aka lalata shari'ar.

Maganin matsalar da ɗanmu na Zurmi ya kawo yana wurin kare mai ba da shaida da bin layukan waya da bin sawun kuɗi. Doka ta ba jami'i hanyar da zai je gaban majistare ya nemi izinin ci gaba da tsare wanda ake zargi na wani ƙayyadadden lokaci yayin da ake bincike, kuma wanda yake da dalili na gaske ba ya jin tsoron wannan hanyar.

Jikan Makiyaya:
Na gode wa Baba Sufeto da ya faɗi wannan. Ni an haife ni a cikin gari, na yi karatu, ina aikin asibiti, amma kawunnaina suna ruga. Akwai lokacin da zuwa kasuwar mako ya zama kasada gare su, domin ganin kama da jin harshe kaɗai ya isa a tare mutum, kuma wasu da aka tare ba su kai ofishin kowa ba. Su ma ɓarayin sun kwashe musu shanu, sun sace musu mata, sun sa musu haraji. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin da ya fito. Duk wanda ya bi tarihin wannan rikici ya san cewa kisan da aka riƙa yi ba tare da shari'a ba, daga kowane ɓangare, ya zama hujjar da miyagu suke jan matasa da ita zuwa daji. Da aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara, dakarun tsaron al'umma na jiha, a watan Janairu 2024, abin da na fi fata shi ne tsarin ya zama mai rajista da shugabanci da wanda za a tuhuma idan an yi ba daidai ba, ta yadda duk wanda suka kama za su miƙa shi ga hukumar da doka ta ba ikon gurfanarwa.

Tsohon Ɗan Jarida:
Ina so in faɗaɗa maganar kaɗan, domin kamun mutum ɗaya da rufe jiha guda tushensu ɗaya ne, wato tambayar ko mai mulki yana da iyaka. Mu da muka yi aiki a zamanin soja mun san Dokar Soja mai lamba 2 ta 1984, wadda ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, aka kuma hana kotu tambaya. Mun san mai lamba 4 ta wannan shekarar, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian da ita. A lokacin mutane da yawa sun yi tafi, domin 'yan siyasar da ake jin haushi aka fara kamawa, sai daga baya dokar ta iso kan waɗanda suka yi tafin. Kafin nan ma, a 1980, gwamnatin farar hula ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno, ta kai shi Chadi ta ce ba ɗan ƙasa ba ne, kuma babbar kotu a Maiduguri ce ta ce an yi ba daidai ba, ya dawo gida.

A nan gida, a watan Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a duk jihar, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, an taƙaita hawan babur. Da yawanmu mun goyi baya saboda halin da ake ciki bayan sace ɗalibai mata a Jangebe da abin da ya faru a sauran wurare. Amma na san mutanen da aka kai wa hari a lokacin ba su da hanyar kiran kowa, kuma na san masu tafiya har Funtuwa don su buga waya ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Sannan a watan Oktoba 2022 aka ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin a Gusau saboda sun ɗauki taron siyasa, har Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa ta fito ta ce jiha ba ta da wannan hurumin. Barista, ina so ka yi mana bayani, a wane hali ne doka ta yarda a taƙaita haƙƙin jama'a saboda tsaro?

Barista:
Baba, tambayar nan ita ce zuciyar al'amarin. Kundin bai ce haƙƙoƙi ba su da iyaka ba. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita haƙƙin sirri da na addini da na faɗin albarkacin baki da na taro da na zirga-zirga, wato sashe na 37 zuwa na 41, saboda tsaron ƙasa ko lafiyar jama'a ko zaman lafiya ko kare haƙƙin wasu. Amma ya sa sharaɗi biyu. Na farko, sai ta hanyar doka, kuma doka ita ce abin da majalisa ta zartar ko abin da aka yi ƙarƙashin ikon da wata doka ta bayar, sanarwar da aka karanta a rediyo kaɗai ba ta isa ba. Na biyu, sai dokar ta kasance abin da hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya, kuma kotu ce take auna wannan, ba wanda ya ba da umarnin ba. Da irin wannan ma'aunin ne Kotun ECOWAS ta ce a 2022 dakatar da Twitter da gwamnatin tarayya ta yi a 2021 ya saɓa wa haƙƙin faɗin albarkacin baki.

Dokar ta-ɓaci kuwa tana sashe na 305, Shugaban Ƙasa ne kaɗai yake ayyana ta, sai Majalisar Tarayya ta amince da kashi biyu cikin uku, kuma wa'adinta wata shida ne sai an sabunta. An yi ta a Filato a 2004, a Ekiti a 2006, a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, a Ribas a 2025. Gwamna yana iya roƙon a ayyana ta da goyon bayan majalisar jiharsa, amma ba zai ayyana ta da kansa ba. Ko a cikin dokar ta-ɓaci, ba a hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne a ranar da ya aikata shi.

Ga ɗan'uwana na Zurmi, tambayarka game da haƙƙin mahaifinka tambaya ce ta gaskiya, kuma tana yi mini nauyi. Sashe na 33 ya ba shi haƙƙin rayuwa, sashe na 14 kuma ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sai dai sashe na 14 yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta shi kai tsaye, kuma a ganina wannan rauni ne babba a kundin. Amma gwamnatin da ta kasa kare Baba ba ta biya bashinsa ta hanyar tsare magidancin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da kake binta shi ne ta kamo waɗanda suka kashe shi, ta kawo hujja, a yanke musu hukuncin da zai tsaya har Kotun Ƙoli.

Manomin Zurmi:
Na ji, Barista, kuma na ji Baba Sufeto, musamman maganar cewa infoma yana iya kawo sunan wani, domin na tuna wani abu da ya faru a ƙauyenmu da ban taɓa kallonsa ta wannan fuskar ba. Amma ba zan ce zuciyata ta natsu ba. Ku kuna maganar yadda ya kamata abu ya kasance, ni kuma ina maganar shekara uku da ba a gurfanar da ko mutum ɗaya ba a kan jinin gidanmu. Ranar da na ga an yi shari'ar ɗaya daga cikinsu a fili, an kare masu shaida, an yanke hukunci, ranar zan yarda cewa wannan hanya tana kaiwa. Amma shi wannan bawan Allah da aka tsare, a sake shi ya koma wurin 'ya'yansa, ban da ja a kan wannan.

Mai Awon Hatsi:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa iyalinsa abin da aka rubuta, kuma dangi sun fasa haɗa kuɗin. Barista, mu ba mu da ƙarfin ɗaukar lauya, ta ina za mu fara?

Barista:
Ku fara da rubuta takardar koke zuwa ga shugaban ofishin da yake tsare, ku sa ranar da aka kama shi da lokacin da sunayen waɗanda suka gani, ku riƙe kwafi. Ku kai wani kwafin ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da na Hukumar Ba da Tallafin Shari'a a Gusau, duka biyun ba sa karɓar kuɗi a kan irin wannan. Idan ba a sake shi ba, sashe na 46 ya ba da damar zuwa Babbar Kotu, kuma ƙa'idojin 2009 na neman haƙƙi sun yarda wani ya shigar da ƙara ya yi rantsuwa a madadin wanda ke tsare, don haka matarsa ko kai kanka kuna iya tsayawa. Idan an ce a kawo mai tsaya masa, mace ma tana iya tsayawa. Ka turo mini saƙo ta gefe yau da dare, ka zo da katin shaidarsa da mutum biyu da suka ga lokacin da aka tafi da shi, ranar Litinin da ƙarfe tara mu haɗu a bakin kotu.